Gwajin jitar jaz: kunne ko takarda?

Mai shirin gwajin shiga jami'a da jitar jaz a nan Jos, hanya biyu ce gabansa. Ta farko kunne. Ka kunna kiɗan Wes Montgomery, shahararren makaɗin jitar jaz ɗan Amurka, wanda da babban yatsa yake kaɗa tsirkiya, ka yi ta bin gaɓa ɗaya har ta zauna maka a hannu, ko da sanyin hunturu ya sandarar da yatsunka. Ni kam nan na fi karkata, don nan ake samun lilon kiɗan da basirar ƙirƙira nan take.

Ta biyu karatun rubutaccen kiɗa. Akwai gundura, amma masu gwaji sukan ajiye maka takardar da ba ka taɓa gani ba, su ce bismilla. Ware mata minti 20 kullum da safe.