Lilo mai kujeru ko ƙaton shillo: wanda zan ce ka saya

Alhaji, tsakanin lilo mai kujeru da sarƙa da wancan ƙaton shillo mai hannun ƙarfe da ka tambayi wanda za ka saya wa wurin wasanka, ka ɗauki mai kujerun. Kada ka tsaya dogon lissafi.

Nawa mai kujeru 24 ne, ƙirar Sin, sabo fil na sauke shi daga kwantena. Aikinsa a fili yake: inji ɗaya ke juya ginshiƙin tsakiya, juyin ne ke buɗa kujerun su yi waje kamar lema. Irin nawa ba ya ɗagawa sama, don haka ko wuta ta ɗauke ana cikin tafiya, a hankali yake rage gudu har ƙafar kowa ta taɓa ƙasa. Galibin abin da zai iya lalacewa a jikinsa idonka na ganinsa. Da safe yarona zai bi sarƙoƙin ɗaya bayan ɗaya da hannu, ya duba ƙugiyoyi da noti, ya sa giris a boris, musamman lokacin hunturu da ƙura ke shiga ko'ina.

Washegarin wata ƙaramar Sallah wata dattijuwa ta kawo jikokinta. Autar cikinsu ta kafe, ta ce ba za ta hau ba sai da kaka. Tsohuwar nan ta cire takalmi ta miƙa wa mai karɓar tikiti, ta ɗaure mayafinta tamau a ƙugu, ta zauna a kujerar da ke kusa da ta yarinyar. Zagayen farko salati take ta yi, ido a rufe. Kafin a tsaya dariyarta ta fi ta yaran ƙarfi, kuma da ta sauko sai ta kwance bakin zani ta sake biya musu gaba ɗaya. Har yau idan na tuna sai na ji daɗi a raina. Wannan shi ne cinikin wurin iyali: mutum ɗaya ya zo, gida guda ya hau.

Shillon kuwa, yana jan ido, kuma ihun da ake yi a kansa talla ce kyauta. Iyakar alherin da zan faɗa a kansa ke nan. Na taɓa riƙe na hannu, na sayar. Galibi sai yaro ya kai tsawon wajen mita 1.2 kafin a bar shi ya hau, wato rabin masu shigo maka sun tashi a 'yan kallo. Yana son wuta mai layi uku da janareta babba, ga tushen siminti da rodi da sai injiniya ya auna. Tsakanin Sallah da Sallah za ka riƙa ƙona gas saboda samari huɗu ko biyar.

Amma ba kuɗin ne ya fi damuna ba. Duk kaiwa da komowar da shillo zai yi, nauyin mutane da na ƙarfe yana sauka ne a hannun nan da wuraren walda, kuma ciwonsa daga ciki yake farawa. A watan Yulin 2017, a bikin baje kolin jihar Ohayo ta Amurka, wani shillo mai suna Fire Ball ya ɓalle da mutane a sama, saurayi ɗan shekara 18 ya rasu, bakwai suka jikkata. Masu duba lafiyar injuna sun duba shi a ranar sun ce lafiya lau. Daga baya kamfanin KMG na ƙasar Holan da ya ƙera shi ya ce tsatsa ce ta cinye ƙarfen ta ciki a tsawon shekara 18 har ya zama siriri. A Yulin 2025 ma wani ya karye gida biyu a Ɗa'ifa ta Saudiyya, sama da mutum 20 suka ji rauni. Inda ke da masu na'urar auna kaurin ƙarfe ke nan. Kai wa za ka kira duk shekara ya auna maka? 'Ya'yan mutane amana ne a hannunmu.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da dillalai. Akwai masu sayo tsohon inji da ya sha ruwan sama ko iskar gishiri a bakin teku, su cike ramukan tsatsa, su fesa fenti mai ƙyalli, su ce maka ɗan Italiya ne an ɗan taɓa. Sunan kamfanonin ƙera irin waɗannan injuna, kamar Zamperla na Italiya ko HUSS na Jamus, ba ya wuyar liƙawa. Ka nemi farantin ƙarfen da ke jikin injin mai ɗauke da lamba da shekarar ƙira, ka aika wa kamfanin da kanka su tabbatar. Idan an kankare farantin, ko an nuna maka takardar shaida mai lambar da ba ta dace da ta jikin injin ba, ka juya. Sabon fenti a kan layin walda kaɗai shi ma abin tuhuma ne. Kada ka ba da kafin alƙalami a kan bidiyo, sai ka ga injin yana juyawa da buhunan yashi a kujeru, kai da injiniyanka, ba nasu ba.

Ka sayi mai kujerun, sabo in da hali. Ka sa su haɗo maka sarƙoƙi da boris na canji a kwantena ɗaya, ka kewaye shi da shinge mai ƙofar shiga daban da ta fita, kuma ka sa mace a bakin ƙofar tana taya mata ɗaure hijabi da gyale kafin a kunna.