Kwana a hamok lokacin hunturu: me za ka saya kar sanyi ya hana ka barci?

Salam 'yan uwa. Tunda samarin Nima da Mamobi da Madina a nan Accra suka fara wannan harkar ta fita daji kwana, wasu su hau dutsen Afadjato wasu su tafi Kwahu wasu har gandun dajin Mole, tambayar da aka fi yi ita ce wai bargo nawa mutum zai ɗauka in a hamok zai kwana, wato yadin nan da ake ɗaurawa tsakanin itatuwa biyu a kwanta a ciki. Toh gaskiya yawan bargon da ka lulluɓa da shi ba shi ne maganar ba. A hamok sanyi ta ƙasa yake shigowa, ta baya da kafaɗa da mazaunai, saboda haka kuɗinka na farko abin da zai tare maka ƙasa ya kamata ya tafi, na sama ko bargon gida ma ya isa.

Dalilin kuwa shi ne, in kana kwance a ƙasa ko a gado akwai abin da ya tare iska, amma a hamok kana rataye ne, tsakaninka da iska sai wani siririn yadin nailan, iska na wucewa ta ƙarƙashinka dare guda tana kwashe ɗumin jikinka. Kuma ko ka shiga cikin jakar barci mai kauri, ɓangaren da ka danne da nauyinka ya mutu, domin ba audugar ce ke ɗumama ka ba, iskar da ta maƙale cikin audugar ce, in ka danne ta sai ta zama kamar burodin da aka zauna a kai, babu sauran iska a ciki. Shi ya sa masu wannan harkar ke cewa da zarar awon zafi ya sauka wajen digiri 21 mutum zai fara jin sanyi a bayansa. Digiri 21 fa, chale, wannan ai ba sai ka je Turai ba. A Accra bakin teku da wuya dare ya kai nan, amma ka hau tudu ka gani. Duk mita 1000 da ka hau zafi na raguwa da wajen digiri 6 da rabi, Afadjato kuwa mita 885 ne, ga garuruwa irin su Amedzofe da Abetifi da suke can sama ga iska ga raɓa. Arewa kuma, wajen Damongo da Larabanga, daga Disamba zuwa Fabrairu rana ta gasa ka da azahar, amma gab da asuba sanyi ya sauka ƙasa da digiri 20 ba tare da sallama ba. Mutanen Kumasi masu zuwa bakin tafkin Bosomtwe su ma sun san yadda gari ke yi kafin kiran sallah.

Mafi arha shi ne tabarmar soso, irin mai tauri ɗin nan da ba ta shan ruwa, wadda ake naɗewa ko a ninke. Ba ta fashewa, ba ta buƙatar hurawa, ruwa ya taɓa ta ka goge kawai, in kuma ka isa wurin da babu itatuwa biyu da za ka ɗaura hamok sai ka shimfiɗa ta a ƙasa ka kwanta. Da asuba ma ga abin sallah. Akwai wata lamba da ake rubutawa a jikin irin waɗannan, R da lamba a gabanta, ita ke nuna ƙarfin tare sanyi, in lambar ta fi girma ta fi tarewa. Tabarmar soso yawanci tana wajen R 2, misali Z Lite ta kamfanin Therm-a-Rest, kuma wannan ya ishi kowane dare a Ghana. Tabarmar motsa jiki da ake sayarwa a shagunan kayan wasanni ita ma tana taimakawa in tana da ɗan kauri, sai dai siririyar ba ta da wani amfani sosai.

Matsalar tabarmar soso guda uku ne kuma duk masu ban haushi. Tana zamewa, ka juya sau biyu ka farka ka ga rabinta ya fita waje. Faɗinta yawanci santimita 51 ne, hamok kuma yana naɗe mutum ta gefe, sai ka ga tsakiyar bayanka da ɗumi amma kafaɗu da gwiwar hannu sun yi ƙanƙara, in kai mai jiki ne nemi mai faɗin santimita 64 ko ka yanka wata guntuwa ka gitta ta daidai kafaɗa. Sannan ba ta numfashi, gumi ke taruwa tsakaninta da bayanka, a ƙasa mai laima irin tamu wannan ba ƙaramin abu ba ne, ka shimfiɗa zani a kai in ba haka ba za ka tashi riga a jiƙe. In dai tabarma za ka yi amfani da ita, tun wurin sayen hamok ka nemi mai yadi biyu, ana cusa tabarmar a tsakani sai ta zauna wuri ɗaya. Mai yadi biyu yana da wata fa'ida kuma da ta fi ta sanyi a wurina: sauro na iya cizo ta cikin yadi ɗaya, gidan sauronka na sama bai tare bayanka ba, zazzaɓin cizon sauro kuma ba ruwansa da cewa hutu ka zo.

Katifar iska da ake hurawa ba zan daɗe a kanta ba. Ta fi laushi, tana shiga jaka ba ta cin wuri, amma yawancin masu arhar da ake tallatawa a intanet iska ce zalla a ciki babu komai, R ɗinsu wajen 1, iskar cikin sai ta yi sanyi ta sanyaya ka. Masu kyau suna da tsada, ƙaya ɗaya kuma ta gama da su, dajin arewa kuwa ƙaya ba ta ƙarewa. In kana da ita tuntuni, kar ka cika ta tam, rage iskar don ta bi lanƙwasar hamok. In ba ka da ita, ni dai ba zan ce ka saya don hamok ba.

Abin da aka yi shi don hamok takanas shi ne bargon ƙarƙashi, wanda ake ratayawa ta waje, ƙarƙashin hamok ɗin, da igiyoyin roba a kai da ƙafa. Tunda ba a kansa kake kwance ba, ba ka danne shi, audugarsa na nan a kumbure, kuma yana hawowa ta gefe ya rufe kafaɗu, ka juya yadda kake so ka kwanta a karkace yadda ake kwanciya a hamok babu abin da zai zame. Wallahi wanda ya taɓa kwana da shi da wuya ya koma tabarma. Akwai cikakke daga kai har ƙafa, akwai gajere mai rufe daga kafaɗa zuwa wajen gwiwa. A nan gajeren ya isa, ka sa safa ka ɗora ƙafa kan jakarka ko guntun soso, ka rage nauyi ka rage kuɗi. Abin da kawai yake so shi ne saiti. In ya yi sako-sako aka samu rata tsakaninsa da bayanka iska za ta bi ta nan, in kuma ka ja shi da ƙarfi ka matse audugar an koma gidan jiya. Ka kwanta a ciki tun da sauran haske, abokin tafiya ya zura hannu ya duba ko akwai rata, musamman wajen wuya da ƙarƙashin gwiwa. Aibinsa kuma, ranar da babu itace ba shi da amfanin shimfiɗa a ƙasa.

Yanzu ga inda mutane ke zubar da kuɗi. Bargon ƙarƙashi kala biyu ne, mai gashin agwagwa da mai audugar roba. Duk bidiyon da za ka gani a YouTube gashin agwagwa suke yabo, kuma ba ƙarya suke ba, ya fi sauƙin ɗauka, ya fi matsuwa a jaka, in an kula da shi yana shekaru, za ka ga an rubuta 650 ko 800 ko 850 a jiki, wannan awon kumburin gashin ne. Amma waɗannan mutanen a Amurka da Kanada suke kwana cikin dusar ƙanƙara. Gashin agwagwa in ya jiƙe sai ya dunƙule ya daina riƙe ɗumi, bushewarsa kuma aiki ne, ka duba yanayinmu, raɓar Volta, damina biyu a kudu, ɗakin da takalmi ma ke yin funfuna in ka bar shi wata biyu a ƙarƙashin gado. Ga tsada, na kamfanoni irin su Warbonnet da Hammock Gear sai ka ajiye ɗaruruwan dala, kafin kuɗin kawowa da na kwastan, ka juya wannan zuwa sidi ka gani ko ranka zai so. Mai audugar roba ya fi nauyi ya fi cika jaka, bayan wasu shekaru yana lafewa, amma ko ya ɗan jiƙe yana aiki, ka shanya shi da hantsi ya bushe, ka wanke shi ba fargaba. Tunda a nan da wuya dare ya kusanci digiri 10, bambancin nauyin ma kaɗan ne tunda siriri kake buƙata. Ni a ganina mai gashin agwagwa sai wanda ke shirin hawa Kilimanjaro ko ɗan'uwa da ke zaune a Jamus.

Ka kula da lambar da aka rubuta a jiki, nan ma ana faɗawa rami. 'Yan Amurka da ma'aunin Farenhait suke awon zafi. In ka ga 40 a tallarsu, digiri 4 ne a namu awon, 20 kuwa ya kai 7 ƙasa da sifili. Mai 50, wato digiri 10 a namu, shi ne daidai da mu, har da rara. Ka sayi mai 20 ka kai shi Aburi, gumi ne zai tashe ka tsakar dare. Jakunkunan barci kuma sukan zo da lamba biyu ko uku, ka duba ta jin daɗi, kar ka duba ta ƙarshe, ita waccan ma'anarta ba za ka mutu ba ne kawai, ba wai za ka yi barci ba. Yayyenmu mata da duk mai saurin jin sanyi su ƙara kauri kaɗan a kan abin da lambar ta ce.

Akwai hanya ta huɗu da na fi so wa mai ƙaramin ƙarfi, kuma mu a Zango mun fi kowa dacewa da ita tunda tela ba ya mana wuya. Ka shiga kasuwar Kantamanto, ko Kejetia in a Kumasi kake, ka nemi jakar barci ta fos, wato gwanjo, mai kusurwa huɗu wadda zif ɗinta ke buɗewa gaba ɗaya ta zama bargo. Ka matse ta da hannu ka saki, in ta taso nan da nan tana da sauran rai, in ta kwanta lakwas ka bar musu abinsu. Ka ɗaga ta a rana ka duba inda audugar ta gudu, ka shinshina, warin funfuna ba ya fita da wanki ɗaya. Ta yara ma ta isa yin gajere. Sai ka kai wa tela ya ninke bakin kai da na ƙafa da gefe biyu ya yi hanyar zariya irin ta wando, ka zura igiyar roba, ta gefen ta yi tsawon da za ta kai inda aka ɗaure hamok, ta kai da ƙafa kuma don tsuke baki. Ka ce masa, Malam don Allah kar a yi ta bin tsakiya da ɗinki, duk layin ɗinki wuri ne da sanyi zai bi. Zai fi na kanti nauyi, amma trotro ne zai ɗauki rabin tafiyar ai. Abu ɗaya, in ka ci karo da irin bargon nan mai kalar kayan soja, ka wuce shi ko da arha, dokar Ghana ta hana farar hula amfani da kayan soja, ba ka so a tsayar da kai a bariya kana bayanin bargo.

Na sama kuwa, kar ka wahalar da kanka. Bargon gida mara nauyi, ko jakar barci a buɗe ka lulluɓa ka cusa ƙafa a gindinta, tunda shiga cikinta a zuge zif a cikin hamok kokawa ce. Hula mai rufe kunne, safa busasshiya da ba ka yi tafiya da ita ba, riga mai dogon hannu. Kar ka kwanta da rigar da ka yi gumi a ciki. Tamfol ma yana cikin lissafin ɗumi ko babu hadari, ka saukar da gefe ɗaya ƙasa sosai ta inda iska ke zuwa, a hunturu daga arewa maso gabas take, zai tare ƙura ya tare raɓa. Kada wani ya ce zai sa kurfot ko garwashi a ƙarƙashin hamok don ɗumi, nailan narkewa yake da tartsatsi ɗaya, ciyawa kuma a bushe take lokacin, gobarar daji ba wasa ba ce. Ruwan zafi a gora mai ƙarfi, a rufe da kyau a sa cikin safa, ya fi wannan lafiya.

Toh in sau ɗaya ko biyu kake fita a shekara, ko ba ka da tabbas za ka samu itace, tabarmar soso mai faɗi da hamok mai yadi biyu, shi ke nan. In harkar ta shiga jininka kana fita duk hutu, bargon ƙarƙashi mai audugar roba na digiri 10, na kanti ko na tela. Masu zuwa Mole su ɗauki tabarmar ko da suna da bargon, kuma a tambayi ma'aikatan gandun inda aka yarda a ɗaura hamok kafin a fara zagaya itace da igiya, can giwaye da gwaggon biri ne masu unguwa.