Jaket ɗin gudu: mai tare iska ko mai hana ruwa?

Malam, a cikin biyun da ka tambaya, mai tare iska da mai hana ruwa irin ta Gore-Tex, ɗauki mai tare iskar, sauran kuɗin ka ƙara a na takalmi. Ina da duka biyun a rataye, amma ɗaya ce kawai take bi na fita gudu.

Tawa ta iska shuɗiya ce mai haske, yadinta Pertex Quantum, irin nailan ɗin nan mai laushi da in ka murza shi tsakanin yatsu da ƙyar za ka ji kaurinsa. Nauyin irin waɗannan jaket bai cika wuce giram 100 zuwa 150 ba, kuma ana cusa ta gaba ɗaya cikin aljihunta na ƙirji a zuge zif, ta koma dunƙule ɗaya a tafin hannu. A nan Jos muna kan tudun da ya kai kimanin mita 1,200 sama da teku, don haka sanyin Disamba da Janairu ba wasa ba ne. In na fito bayan sallar asuba na kama hanyar Lamingo, iskar da take gangarowa daga duwatsun Shere kan bugi jaket ɗin har ka ji tana kaɗawa a kafaɗa, amma ba ta ratsawa ta kai ƙirji. Da jiki ya ɗauki zafi sai na sauke zif ɗin zuwa tsakiyar ƙirji. Kafin rana ta gama fitowa na tuɓe ta ina tafe, na naɗe, na soke a ƙugu. Akwai wata safiya da hazo ya sauko sosai, wani ƙanina da ya zo hutu daga Zariya ya biyo ni da rigar auduga mai hula. Kafin mu juyo rigarsa ta sha gumi ta yi nauyi, iska na bugunta, haƙoransa na haɗuwa. Na cire masa ita na sa masa tawa a kan singileti, muka tako a hankali zuwa gida. Bai bar Jos ba sai da ya sa na nemo masa irinta.

Babu leda ko roba a jikin yadin, saƙar ce kawai. Zare ne siriri ƙwarai aka saƙa a matse, sannan aka bi ta kansa da abin naɗi mai zafi ya danne zaren ya toshe mafi yawan ƙofofin. Abin da ya rage na ƙofa ya ishe tururin jikinka ya fita, amma bai ishe iska ta shigo da ƙarfinta ba. A Ingila aka fara yin Pertex wajen 1979, a wata masaƙa da ke Lancashire wadda ta saba saƙa nailan mai laushi, daga baya kamfanin Mitsui na Japan ya saye sunan a 2005. In ka ga an rubuta 10D ko 20D a takardar rigar, kaurin zaren ake nufi: nauyin zare mai tsawon mita 9,000 ne a giram. Wato 10D zaren da zai yi kilomita tara giram goma kacal yake. Irin wannan ya fi sauƙi amma ƙaya ko waya na iya yaga shi, shi ya sa nake ba ka shawarar 20D ko 30D, kuma ka duba ka ga ƙananan layuka masu kusurwa huɗu a jikin yadin. Zare ne mai kauri aka gitta don in ya yage kada yagar ta yi nisa.

Ba zan ɓoye maka ba, ba ta hana ruwa. Ana fesa wa yadin wani sinadari da suke kira DWR, shi ne yake sa ɗigon ruwa ya dunƙule ya gangare. Yayyafi da raɓa ba sa yi mata komai. Amma in aka tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya, cikin ɗan lokaci za ka jiƙe. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Abin da take yi maka a lokacin shi ne ta tare iska daga jiƙaƙƙen jikinka, kuma iskar ce take sa mutum rawar ɗari, ba ruwan kaɗai ba. Da an ɗauke kuma kafin ka iso gida ta kusa bushewa.

Ita kuwa mai hana ruwan, aikinta tana yin sa in an kai ta inda aka yi ta dominsa. Tawa tana fita ne ranar da zan hau babur cikin marka.

Dalilin da ya sa ba ta dace da kai ba yana cikin yadda aka ƙera ta. A 1969 Bob Gore, a kamfanin mahaifinsa da ke jihar Delaware ta Amurka, ya fizgi zazzafan sandan wata irin roba da ake kira PTFE da ƙarfi, sai ya miƙe ya zama wata fata siririya mai cike da ƙofofin da ido ba ya gani. Kamfanin ya ce akwai kimanin ƙofa biliyan 9 a kowane inci murabba'i, kowace ta fi ɗigon ruwa ƙanƙanta sau 20,000, amma ta fi ƙwayar tururi girma sau 700. Ana manna fatar a bayan yadi, ruwan sama ya kasa shiga, tururin gumi ya samu hanya. A 1976 aka fara sayar da kayan da aka yi da ita. Dabara ce mai kyau ƙwarai, sai dai tana da sharaɗi: tururi ba ya fita don kansa, sai in cikin rigar ya fi waje ɗumi da danshi. A Sukotlan ko Nowe, inda ake ruwa cikin sanyi mai ratsa ƙashi, wannan bambancin yana da yawa, tururin sai ya yi ta ficewa. Mu kuwa ruwanmu cikin ɗumi yake zuwa. A Agusta iskar waje ita ma cike take da danshi, babu abin da zai ja gumin ya fita. Ga shi mai gudu yana iya zubar da gumin da ya kai lita guda a awa ɗaya. Sai ya taru a ciki, ya gangaro ta hannun riga, ka dawo a jiƙe sharkaf alhali ko ɗigo ɗaya na ruwan sama bai shiga ba. A hunturu kuma babu ruwan da za ta hana, ka biya ninki biyu ko uku ne don aikin da ƙaramar take yi fiye da ita.

In kana da niyyar shiga tseren duwatsu a Turai, wannan wata magana ce. Tseren UTMB da ake yi a kewayen dutsen Mont Blanc daga garin Chamonix na Faransa, mai nisan sama da kilomita 170, ba a barin mutum ya tashi sai da jaket mai hula, mai fatar hana ruwa, wadda aka liƙe ɗinkinta da tef, kuma suna ba da shawarar ƙarfin 10,000 a ma'aunin ruwa. Ma'anar lambar ita ce yadin zai jure nauyin ruwa mai tsayin milimita 10,000, wato mita goma, kafin ya fara tsatsafowa. Akwai kuma lambar RET, ita tana nuna yadda yadin ke tauye fitar tururi, kuma ƙaramar lamba ta fi: ƙasa da 6 ya yi kyau sosai, sama da 20 ba ta gudu ba ce. A can kan dutse da dare jiƙewa na iya kashe mutum, shi ya sa suke tsanantawa. Kai da kake zagaya unguwa a Kano, gida na kusa.

Yanzu ga abin da ba ka tambaya ba, amma wallahi ya fi duk na sama muhimmanci, domin a nan ake cutar mutane. Lakabin da ake ratayawa a jikin riga shi ya fi komai sauƙin bugawa. Za ka ga jaket an liƙa mata sunan Gore-Tex har wuri biyu, alhali yadi ne da aka shafa wa roba ta ciki. Kada ka tsaya karanta lakabi, juya rigar ka duba cikinta. Ta gaskiya mai hana ruwa kowane ɗinki nata an bi shi da siririn tef an liƙe, har na hula da na hammata, don allura ta huda yadin. In ka ga zare a fili, ko me aka rubuta, ruwa zai bi ta nan. Sannan ka kafa bakinka a yadin ka hura da ƙarfi, ka sa tafin hannu ta ɗaya gefen. Mai tare iska ta kirki za ka ji ɗan numfashi yana ratsawa da ƙyar. In babu abin da ya wuce sam kuma babu tef a ɗinki, leda ce aka ɗinka maka. Akwai masu zuba ruwan leda a hannun rigar a gabanka ya gangare, su ce ka gani da idonka. Wannan fesin DWR ne kawai ya nuna, sabuwar riga kowace iri za ta yi haka. Ka kuma sani ko a kayan Gore na asali akwai mai baƙin lakabi, shi ne mai alƙawarin hana ruwa, akwai mai farin lakabi da aka sayar da sunan Infinium, wanda iska yake tarewa. Wasu masu shagon ba su sani ba, wasu kuwa sun sani sarai.

A wajen 'yan gwanjo ana dacewa da kaya masu kyau, musamman ranar da aka fasa sabuwar dila, kuma mai tare iska ta fi amincin saya a can saboda babu abin da zai ɓare a cikinta. Mai hana ruwa kuwa tana tsufa ko ba a sa ta ba, zafi da danshi suna cin gam ɗin da ya riƙe fatar. Ɗaga ta a rana ka duba wuya da kafaɗa. In ka ga kumburi, ko farin gari yana zuba, ko tef ya fara ɗagowa, ko ka ji wani wari mai tsami, ajiye ta ko da mai kayan ya rantse maka. Ba ta gyaruwa.

Wanda ya fi ɓata min rai shi ne masu tallar rigar leda mai ƙyalli da sunan tana narkar da tumbi. Ruwan jikinka kawai take tatsewa, da ka sha ruwa nauyin ya dawo, kuma a zafin Kano tana iya kayar da mutum a hanya. Na roƙe ka kada ka kusance ta, ballantana in kana azumi.

In ka samu mai tare iskar, ƙurar hunturu da maiƙon jiki su ne suke kashe fesin nata. Wanke ta da sabulun ruwa kaɗan, ka ɗauraye sosai, kada ka sa mata turaren laushin kaya, kada ka murɗe ta. In ta bushe ka shimfiɗa tawul a kanta ka bi da dutsen guga a mafi ƙarancin zafi, ɗumin yana farfaɗo da fesin. Sababbin jaket sun fi bukatar wannan, tunda kamfanoni suna barin sinadaran PFAS da ba sa ruɓewa a ƙasa da ruwa, kuma fesin da ya maye gurbinsu ya fi saurin kama datti. Kamfanin Gore ma da kansa ya fito da sabuwar fatar hana ruwa da ake kira ePE a 2022 saboda wannan dalilin.

Ka nemi wadda ke da tsaga ko raga a baya tsakanin kafaɗu, zif har ƙasa, da ɗan ɗinki mai walƙiya in fitilar mota ta haska shi, tunda da duhu kake fita kuma masu adaidaita ba sa ganin baƙar riga cikin hazo. Ta ɗan fi jikinka kaɗan, yadda in ka miƙa hannu biyu gaba ba za ta ja ka a baya ba. A ciki ka sa riga ta foliyesta mai dogon hannu, ba auduga ba, domin in ta cikin ta riƙe gumi babu jaket ɗin da za ta cece ka. In ka je kasuwa ka ga wadda ta kwanta maka, ɗauki hoton cikinta da ɗinkin hammatar ka turo kafin ka biya.