Hajiya mai waakye da gasar girkin ɗalibaina a Akra

Makarantar da nake koyar da Turanci a nan Akra ba ta yara ba ce. Ɗalibanmu manya ne daga ƙasashe rainon Faransa, 'yan Maraɗi da Damagaram da Yamai, da mutanen Mali da Togo da Kwaddibuwa, waɗanda ke zuwa su yi 'yan watanni don kasuwanci ko neman jami'a. A takarda sun iya, amma da an ce su buɗe baki sai kunya ta kama su. Shi ya sa na haɗa musu gasar girki a ƙarshen zango: kowane rukuni ya dafa abincin ƙasarsa, kuma tun daga yankan albasa har a ajiye kwano gaban alƙali ba mai magana sai da Turanci.

Cefanen ya ba ni haushi ƙwarai. Mun shiga kasuwar Nima ranar Laraba, ranar da take ci sosai, kuma ko'ina ka juya Hausa ake yi, har ka manta kana Gana. Farashi ne ke tuna maka. Albasar da ake ci a nan daga Nijar manyan motoci ke kawo yawancinta, irin ta Galmi ɗin nan, kuma tun da aka tashi 'yan albasa daga kasuwar Agbogbloshie aka mai da su Adjen Kotoku a bayan gari a 2021, sai an sake ɗauko ta a mota kafin ta iso hannun mai kasawa. Wani ɗalibina ɗan Tawa ya riƙe albasa uku yana jujjuyawa, ya ce a garinsu wannan gyara ake ba mutum. Tumatir ma da yawansa daga Burkina Faso yake zuwa. Man shanu mai ƙamshi irin namu sai an sha yawo. Kifi kuwa ba inda ba a sa shi, a miya, a yaji, a komai, har yau cikina bai gama sabawa ba. Mai makarantar ya hana mu shigo da tukunyar gas, ya ce shi bai manta da gobarar tashar gas ta Atomic Junction ta 2017 ba, don haka muka jera kurfoti a tsakar gida muka sayi gawayi.

Alƙaliyar da na gayyato wata Hajiya ce da nake sayen waakye a wurinta da safe. Wake da shinkafa ne, amma da karan dafi ake dafa shi ya yi ja, a zuba taliya da garin kwaki da ganda da dafaffen ƙwai da baƙin yajinsu shito, a naɗe a ganye. Na zaci za ta zo ta ɗanɗana ta sa albarka ta tafi. Ko zama ba ta yi ba ta ce, "Malam, ina ruwan wanke hannu? Ina sabulu?" Ta bi ɗaliban ɗaya bayan ɗaya tana duba farce. Ta sa samari suka rufe kai. Ta raba wuƙar nama da ta ganye. Da wani ya yi dariya sai ta zaro takarda daga jakarta ta nuna masa: shaidar gwajin lafiya ce da hukumar birni ke buƙata daga masu sayar da abinci, ana sabunta ta duk shekara, kuma duba-gari na iya tsayawa ya nema. Ta ce wanda ya ga kwalarar da ta shiga Akra a 2014 ba ya wasa da hannun mai girki. Ba kowace mai abinci ce ke da takardar ba, kuma babbar kwatar Nima in ka tsaya kusa da ita sai ka toshe hanci. Amma ita Hajiya tana riƙe da tata da alfahari, kamar yadda nake riƙe da takardar digirina.

Wallahi matar nan ta tsaya mini a rai. Tun asuba ake kafa layi a rumfarta, ma'aikacin banki da ɗan sanda da direban trotro, wato bas ɗin haya, ɗan ƙabilar Asante da ɗan ƙabilar Ga da Bahaushe, kowa na jiran a zo kansa, ba mai cewa kun san ko ni wane ne. Lambar MoMo, wato ta tura kuɗi ta waya, na rubuce a allo ga wanda ba shi da tsabar kuɗi. Masu taya ta manyan mata ne, biyansu take yi. 'Ya'yanta suna makaranta. Ta ce mini, "Ɗana, tukunyar nan ce ta gina mini gida, ita ta kai ni Makka." Kuma ba ita kaɗai ba ce. Koko da ƙosai da tuwo mai zafi da zoɓo, abincin da iyayenmu suka saba da shi, a nan duk ƙasar ke ci, kuma akasari matan zango, wato unguwannin Hausawa da sauran baƙi Musulmi, ke riƙe da sana'ar, ana kiransu Hajiya da girmamawa.

Mu fa a gida? Abinci iri ɗaya, wani lokacin namu ya fi daɗi, don har gobe ban ci abin da ya kai garau-garau da mai da yaji na bakin layinmu a Kano ba. Amma uwa ta dafa a cikin gida, sai a ɗora wa 'yar shekara tara tire a ka, ta yini tsakanin tasha da gareji, makaranta ta wuce ta, mazan banza na mata maganganu. In babbar mace ta fito ta kafa teburi da kanta, sai a fara yi mata kallon 'yar tuwo-tuwo. Mutuncin wa muka kare, na uwar ko na yarinyar? Samarinmu kuma su zauna a dakali suna jiran aikin gwamnati, a ce su koyi girki su ce aikin mata ne, alhali mai shayi da mai tsire da ke ciyar da rabin unguwa duk maza ne.

A gasar, 'yan Kwaddibuwa sun yi acheke, wato turarren tsakin rogo, da soyayyen kifi wanda kowa ya yaba, amma Hajiya ta rage musu maki don ta ga an mai da cokalin ɗanɗano cikin tukunya. Samarin Damagaram ne suka ci da dambun zogale, kuma wanda ya fi kowa kunya a aji shi ya tsaya ya bayyana yadda ake turara tsakin da Turanci, yana tuntuɓe yana ci gaba har ya kai ƙarshe.

Da daddare na kira yayata, wadda 'yarta ke tallan ƙosai. Na ce, "Yaya, zan aiko da kuɗin teburi da akwatin gilashi, ki riƙa suya a zaure ana zuwa ana saye, yarinyar nan ta koma aji." Ta yi shiru, sannan ta ce sai ta yi shawara da maigidan. Na ce ta ba ni shi a waya ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ni zan yi masa magana da kaina.