550W ko 750W: Wace PSU Ta Dace da Kwamfutar Gem?

PSU ita ce na'urar da ke ba kayan cikin kwamfuta wuta, kuma wajen zaɓenta katin hoto ne ke yanke hukunci. Katin RTX 4060 na jan wat 115, furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) Ryzen 5 5600 kuma bai wuce 76 ba. Haɗa da madabod, RAM, SSD da fankoki, duka ba su kai 300 ba. A nan 550W ta wadatar, har da rara.

Ita 750W ta mai RTX 4080 ce, katin da shi kaɗai ke cin 320, ko mai shirin canza kati nan gaba. Manyan katuna kan fizgi wuta na ƙiftawar ido. In PSU ta yi kaɗan, sai kwamfuta ta ɗauke ana tsakar wasa. Masu inbata su kwantar da hankali: 750W ba ta jan 750 kullum, gwargwadon buƙatar kayan take ja.

Zafin Afrilu a Kano da ƙurar hunturu na galabaitar da PSU, don haka bar rarar kashi 30. In ka shiga Beirut Road, inda ake sayar da kayan kwamfuta a Kano, karanta ampiyar layin 12V (mai ba kati da furosesa wuta) a jikin PSU, ka duba tambarin 80 Plus, shaidar cewa ba ta ɓarnar wuta da yawa. 550W mai tambarin 80 Plus Bronze na gaske ta fi 750W marar suna, wadda ke sakayau a hannu. Kowacce ka ɗauka, haɗa mata UPS, na'urar batir mai riƙe wuta, saboda wutar da ke hawa da sauka.