Wane kibod za ka saya idan kana so ka ajiye linzami?

Duk wanda ya taɓa zama a shagon buga takardu lokacin da 'yan ajin ƙarshe ke rububin miƙa furojet ya san gyara ne ke cinye yini. Malami ya ja jan biro a shafi na 14, ya ja a na 37, ya sake ja a na 62, ɗalibi na tsaye a kanka yana duba agogo. Hannu ya bar kibod ya kama linzami, wato maus, a gangara, a wuce wurin, a dawo, a danna, hannu ya koma kibod. Yi haka sau ɗari uku a rana ka ji yadda kafaɗarka ta dama za ta gaishe ka da daddare. Ni dai ciwon kafaɗa ne ya sa na koyi yawo cikin Word da madannai kaɗai, kuma da na koya sai na gano ba kowane kibod ne ke yarda a yi wannan yawon a kansa ba. Shi ya sa nake rubuta wannan, don wanda zai shiga kasuwa.

Kafin a kai ga suna da kamfani, ga abin da hannu ke yi in babu linzami, don shi ne ma'aunin. Ctrl da kibiyar dama ko hagu suna tsallaka kalma guda, Ctrl da kibiyar sama ko ƙasa suna tsallaka sakin layi. Home da End na kai ka farkon layi da ƙarshensa, in ka haɗa su da Ctrl sai farkon takarda da ƙarshenta. Duk wanda ka ƙara wa Shift a cikinsu, zai zaɓe rubutun da ya ratsa. F5 na buɗe maka wurin da za ka rubuta lambar shafi ka dira a kai. Shift da F5 kuwa, wanda na fi ƙauna duk cikinsu, yana mayar da kai wuraren da ka taɓa na baya-bayan nan, ɗaya bayan ɗaya. F8 sau biyu ya kama kalma, sau uku jimla, sau huɗu sakin layi, Esc ya sake ka. Alt da Shift da kibiyar sama suna ɗaga sakin layi ɗungurungum su kai shi sama, ba yanka ba liƙi. Alt shi kaɗai yana fito da haruffa a kan kayan aikin da ke saman Word, ka bi su harafi-harafi. Dubi wannan jerin da kyau: kibiyoyi ne, da layin F, da maɓallan nan shida da ke saman kibiyoyi. Kibod ɗin da ya taɓa waɗannan uku ya taɓa maka sana'a.

Wanda nake amfani da shi, kuma wanda nake nuna wa duk yaron da ya zo koyon aiki, shi ne Logitech K120. Ba shi da kyan da za a tsaya kallo. Baƙin roba ne, da waya mai bakin USB, da 'yan ƙafafu biyu a baya. Amma komai yana inda aka san shi. Maɓallan shida suna zaune uku sama uku ƙasa: Insert, Home, Page Up, sannan Delete, End, Page Down, da fili tsakaninsu da sauran, ta yadda yatsa zai lalubo su ba tare da ido ya sauko ba. Kibiyoyi huɗu cikakku ne, uku a ƙasa ɗaya a sama. Layin F an raba shi huɗu-huɗu, kuma wannan rabon ba ado ba ne: F5 shi ne na farkon rukuni na biyu, F8 na ƙarshensa, saboda haka giɓin ne ke gaya wa yatsa inda yake. Babu maɓallin Fn, mai sauya wa sauran maɓallai aiki, a jikinsa sam, F5 dai F5 ne, ba ya rikiɗa ya zama rage haske ko ƙara sauti. Akwai Ctrl da Alt a hagu da dama, akwai kuma ɗan maɓallin nan mai hoton takarda kusa da Ctrl na dama, wanda ke yin aikin danna linzami ta dama. Mutane da yawa ba su taɓa taɓa shi ba. Ka tsaya kan kalmar da Word ya ja wa jan layi, ka danna shi, gyaran zai fito, ka sauka da kibiya ka buga Enter.

Wannan tsarin tsoho ne, tun kibod mai maɓalli 101 da IBM ya fitar a tsakiyar shekarun 1980, kuma a kansa aka saba da yawancin waɗannan gajerun hanyoyi. K120 bai ƙirƙiri komai ba, bai dai ɓata ba. An yi shi kuma yadda ɗan ruwan da ya zube ba zai kashe shi nan take ba, abin da mai shan shayi a bakin aiki zai gode wa. Lokacin hunturu, in ƙura ta cika shi, kifa shi nake yi in bubbuga bayansa, in bi da tsohon buroshin haƙori. Aibinsa? Dannawarsa tana da ɗan laushi kamar taka katifa, kuma faɗinsa yana cin tebur saboda rukunin lambobi na dama. Tunda linzamin ma ajiye shi za ka yi, filin bai dame ni ba.

Lenovo Preferred Pro yana da irin wannan tsari, in ka same shi na gaske kada ka tsaya jayayya. Dell KB216 ma ba laifi, sai dai maɓallansa shimfiɗaɗɗu ne kamar na laftof, ni kuwa ina son yatsana ya ji rami. Masu maɓalli 87, waɗanda aka yanke wa rukunin lambobi kawai, sun bar duk abin da muke buƙata, sai dai galibi masu tsada ne. 'Yan ƙananan nan masu maɓalli 61 da samari ke saya saboda fitilu masu launi, babu kibiyoyi a fili, babu layin F, komai sai an haɗa da Fn, su na masu wasa ne. Na roba mai naɗewa kamar tabarma, kada ma a fara. Marasa waya kuwa, batir zai mutu ranar da aka fi buƙatarsa, masu Bluetooth kuma sukan yi barci su haɗiye harafin farko kafin su farka.

Wanda laftof zai saya, shi ne ke cikin haɗari, don kibod ɗin a manne yake. Masu ƙera su suna matse wuri, kuma Home da End ne ake fara yanka wa wuya: a yawancin ƙananan laftof an cusa su cikin kibiyoyi, sai ka riƙe Fn. Ctrl da Shift da End, maɓalli uku, sun zama huɗu ke nan, hannu ya koma kamar ƙaguwa. Sannan kibiyar sama da ta ƙasa an tsaga gida ɗaya an raba musu. ThinkPad sun fi sauran kula da mai rubutu, Home da End suna da nasu gidan a layin sama. Abin da ke ba mutane haushi a yawancinsu shi ne Fn ne a kusurwar hagu inda aka saba samun Ctrl, amma ana musanya su a cikin BIOS, wato saitin da ake shiga yayin kunna kwamfuta. A laftof da yawa na Dell da Lenovo, Fn da Esc suna kulle layin F ya dawo aikinsa na asali. Gwada wannan tun a shago.

Yanzu maganar da ta fi ci mini tuwo a ƙwarya. Na taɓa sayen kibod a kwali mai sheƙi da sunan wani babban kamfani, a farashin da ya kamata ya sa in tsargu, amma sai na ɗauka na yi sa'a. Na buga haruffa a shago, duk sun fito. Kwana uku bayan nan ina gyara wa wata ɗaliba babi na biyu, na danna Ctrl da Shift da kibiya don in zaɓi kalmomi, sai Shift ɗin dama ya riƙa ɗaukewa yana dawowa. Abin da na zaɓa ya zama ba shi na zata ba, na buga Delete da saurin da na saba, ban lura ba sai da aka buga takarda aka ɗaure ta. Rabin sakin layi ya tafi. Na koma shagon.

"Alhaji, wannan kayan naka ba na gaske ba ne."

"Haba Malam, ai a gabanka aka gwada. Ka ga wani harafi da bai fito ba?"

Gaskiyarsa ce, haruffa sun fito. Nan na gane gwajin da ake yi a kasuwa na mai buga suna da adireshi ne, bai shafi mai haɗa maɓallai ba. Kibod mai arha wayoyin cikinsa a haɗe suke layi-layi, kuma in an yi ha'inci wajen haɗin, wasu maɓallai uku ba sa shiga tare. Ɗaya-ɗaya lafiya lau, a haɗe sai ɗaya ya ɓace. Saboda haka yanzu ba na biya sai an jona mini shi a kwamfuta. In rubuta layi biyar, in gwada Ctrl da Shift da End, in gwada da Shift na hagu, in sake da na dama, in riƙe kibiya in ga ko tana gudu ba tsayawa. In danna Shift da sandar tazara ta gefensu, ba ta tsakiya kaɗai ba, don a jabu dogayen maɓallai maƙalewa suke in an danna su a baki. In mai shago ya ce babu wuta, in ce zan dawo.

Jabu yana da alamu tun kafin gwaji. Ɗaga shi: ba shi da nauyi, kuma in ka ɗan murɗa shi da hannu biyu zai lanƙwasa yana ƙara. Wayarsa siririya ce kamar ta iyafis. Haruffan fenti ne aka shafa, farce na kankare su, bayan wata biyu E da A sun goge. Takardar da ke manne a bayansa rubutunta dishi-dishi, wani lokaci ma da kuskuren harafi a sunan kamfanin. Kwali kuwa kada ya ruɗe ka, kwali ya fi kibod sauƙin bugawa. Na ga tsohon kibod na ofis da aka wanke aka sa a sabon kwali, kuma abin dariya, wannan ya fi jabu sabo fil inganci. In da za a faɗa mini gaskiya cewa tokumbo ne, da hannu biyu zan karɓa. Maras waya na hannu kuma, a tabbata ɗan abin da ake soka wa kwamfuta yana nan kuma nasa ne, don ana haɗa kibod da wanda ba nasa ba a ce sai ka je gida zai kama.

Akwai wata cutar da ta fi yawa a laftof tokumbo: sitika. Na'ura ta fito daga Jamus ko Faransa, sai a manna baƙaƙen takardu a kan maɓallan a sayar a matsayin ta Ingila ko Amurka. Shafa yatsa za ka ji gefen takardar. Sitikar kanta ba ta hana aiki, tunda Windows ne ke yanke harafin da zai fito, amma in ba a sauya saitin ba akwai rikici. A tsarin Jamus Y da Z sun yi musaya, sai ka nemi janye kuskure ka samu akasin haka. Tsarin Faransa, AZERTY, wanda 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram suka saba gani, ya fi wannan: W ne ke zaune inda muka san Z. Hannun da ya saba da Ctrl da Z, in ya je wurin, Ctrl da W zai danna, wato rufe takarda. Wanda kuma Word ɗinsa na Faransanci ne, Ctrl da G kaurara rubutu yake yi, ba zuwa shafi ba kamar a na Turanci. Ba laifin kowa ba ne, amma mai sayarwa ya faɗa. Ko tsakanin na Ingila da na Amurka akwai bambanci: na Ingila Enter ɗinsa dogo ne tsaye, Shift na hagu gajere, kuma @ da alamar zance sun sauya wuri. Wanda ya saba da dogon Shift zai yi mako yana danna maƙwabcinsa.

Mai rubutun Hausa ya ƙara duba abu ɗaya: Alt na dama ya kasance yana nan, don ƙananan kibod sukan cire shi, kuma shi ne wurin da ya fi dacewa a rataya ƙ da ɗ da ɓ. A Word kana iya buga 0199 ka danna Alt da X ya zama ƙ, 0257 ya zama ɗ, 0253 ya zama ɓ. Sai dai in harafin da ya gabata a ne ko b, kamar a kalmar baƙi, Word zai ɗauka suna cikin lambar ya ruɗe, sai ka fara da U+ kafin lambar. Ni na gaji da wannan, na shiga wurin alamomi na Word na ba kowane harafi nasa gajeren maɓalli. Wannan ma ina gwada shi a shago yanzu, mai kaya yana kallona ina buga ƙaƙƙarfa sau uku a jere kafin in zaro kuɗi.