GARGAƊI: Mai koyar da haɗa furen kayan marmari ta cinye min N47,000

Assalamu alaikum 'yan uwa mata, musamman na nan Bauchi. Tun shekaranjiya nake rubuta wannan ina gogewa saboda kunya, amma wallahi ba zan yi shiru ta samu wata ba.

N35,000 na fara tura mata, sai kuma N12,000. N47,000 ke nan, kuɗin adashena da na ɗauka farkon watan nan.

A Instagram na gan ta, tana tallan koyar da haɗa kayan marmari, irin wanda ake yanka abarba ta fito kamar fure, a soke inabi a tsinke, a jera a kwando a kai wa amarya ko mai jego. Ta ce aji ne na kwana 5 a WhatsApp, kuma za ta aiko min kayan aiki daga Jos: abin fitar da fure, ɗan cokalin da ake ƙwaƙulo kankana da shi ta fito mulmul, tsinkaye, cakulan na narkarwa. Walimar ƙanwata nake hari, in yi mata da hannuna, daga nan in kama sana'a.

Kada kowa ya ce min garaje na yi. Sai da na gwada ta. Na ce yaya ake yi tuffa ba ta sauya kala bayan an yanka? Ta ce a shafa mata ruwan lemon tsami. Na ce a cikin me ake kafa tsinkayen? Ta ce kabeji ake dannawa a kwandon, a lulluɓe shi da latas. Ita da kanta ta ƙara min cewa sitiroberi sai ya tsane sarai kafin a tsoma shi a cakulan, don ɗigon ruwa ɗaya yana sa cakulan ya cure. Duk na bincika, duk haka ne. To wa zai ji wannan ya ce ba mai sana'a ba ce?

Sunan namiji ne ya fito da zan tura kuɗin. Na tsaya, wallahi na tsaya, yatsana yana kan wayar. Na tambaye ta, sai ta turo saƙon murya: "Anti ki kwantar da hankalinki, asusun maigidana ne. Ni ma 'ya mace ce, amana ce tsakaninmu." Ana jin kukan jariri a bayanta. Wannan kukan ne ya sa na danna. Na saurari saƙon nan ya fi sau ashirin, har yanzu yana wayata. Amana! Da bakinta ta ce amana.

Ranar Laraba na je tasha karɓar kaya. A'a, kafin nan ma, ranar Litinin ta saka mu a guruf, mu wajen ashirin, ita kaɗai ke iya magana a ciki. Bidiyo ɗaya tal ta saka, hannu kawai ake gani yana yanka abarba, daga baya 'yar yayata ta gano min shi a YouTube, na wata Baturiya ne. Lahadi kuma na riga na shiga kasuwar Muda Lawal na sayo abarba biyu da kankana da tuffa da inabi, don ta ce kowa ta tanadi na gwaji. Wannan ban ma saka shi a lissafin N47,000 ɗin ba.

N12,000 ɗin wai kuɗin mota ne, direba ba zai ɗauki kaya ba sai an biya. Na tura. Tun bayan azahar nake zaune a tasha har aka kira magariba, duk motar da ta shigo daga Jos sai na miƙe. Lambar direban a kashe. Ina komawa gida na tarar ta cire mu daga guruf, ta toshe ni. Shafin yana nan, ta canja masa suna, yanzu atamfa da leshi take tallatawa.

Na je banki na cike takarda, aka ce min an riga an kwashe kuɗin. Rasit biyu suna hannuna, da hoton hirarmu tun daga sallama, zan saka su anjima in na rufe lambobina. Duk wadda muke guruf ɗin nan tare ta yi min magana.

In sunan asusu ya saɓa da na mai kaya, kar ku tura. Ku ce ta kira ku a bidiyo ku gan ta da wuƙa da abarba a hannu.

Kwana biyu ba wuta a unguwarmu, inabin ya fara laushi, abarbar ta fara tsami a firji. Abban yara N35,000 kawai ya sani, ban iya faɗa masa na N12,000 ɗin ba. Walima ranar Asabar ce, kuma na riga na yi wa ƙanwata alkawari a gaban Hajiyarmu. Allah ya isa tsakanina da ke, ban yafe ba.